Yadda ake naɗa cok na wayar kowaks don eriyar rediyon sha'awa

Alamar farko a kan tebur take bayyana, nesa da eriyar da ta haddasa ta. Mutum zai danna makirfo ya fara magana a zangon mita 20, ɗaya daga cikin zangunan rediyo da ake kira da tsawon igiyarsu, sai ya ji wani ɗan zafi kamar cizon cinnaka a leɓensa inda ya taɓa ƙarfen makirfon, ko kwamfutar da ke haɗe da rediyon ta yanke hulɗa da shi, ko lasifikar da ke ɗakin ta riƙa maimaita muryarsa a shaƙe. Wani lokaci ba a ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ma'aunin SWR, wanda yake nuna yadda eriya ta dace da rediyo, ya riƙa motsi duk sa'ad da aka kama wayar da hannu ko aka ƙara mata tsawo, alhali ba a taɓa eriyar ba. Duk waɗannan uwarsu ɗaya, wato lantarkin rediyo da ya kauce wa hanyarsa ya biyo bayan wayar kowaks, wadda ta haɗa rediyo da eriya, ya sauko. Maganinsa shi ne naɗin da masu wannan harka suke kira cok, kalmar da asalin ma'anarta shaƙewa ce, kuma mutum yana iya yin sa da hannunsa cikin awa guda. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne cewa kowane naɗi yana da zangon da yake aiki a cikinsa, saboda haka kwaikwayon adadin zagayen da wani ya yi bai isa ba sai an lissafa kuma an auna.

Inda matsalar take fitowa

Idan aka yanka wayar kowaks aka duba, abubuwa huɗu ake gani: wayar tsakiya, farar robar da ta kewaye ta, saƙar tagulla, sannan baƙar rigar waje. Ido yana ganin hanyoyin lantarki biyu ne kawai, amma ga igiyar rediyo uku ne. Dalili kuwa shi ne lantarki mai saurin kaɗawa ba ya ratsa cikin ƙarfe, a fatarsa yake tafiya, kuma a megahaz 10 (megahaz shi ne ma'aunin saurin kaɗawar) kaurin wannan fata a jikin tagulla bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na milimita ba. Saboda haka cikin saƙar hanya ce, bayanta kuma wata hanya ce daban, kuma ba sa haɗuwa sai a bakin wayar. Saƙon da rediyo ya aika yana tafiya ne tsakanin wayar tsakiya da cikin saƙa, lantarkin biyu daidai wa daida suna fuskantar juna, shi ya sa ba ya fita waje.

A wurin da wayar ta haɗu da eriya ne lamarin yake canzawa. A ɗauki eriyar daifol mai hannu biyu: lantarkin wayar tsakiya ba shi da zaɓi, hannu ɗaya zai bi, amma wanda ya fito daga cikin saƙa yana tarar da hanya biyu a gabansa, ko ya bi ɗaya hannun, ko ya juya ya gangaro ta bayan saƙar. Yawan wanda zai gangaro ya danganta da tsawon wayar da yadda aka kwantar da ita da abin da aka haɗa ta da shi a ƙasa. Da zarar ya gangaro, wayar ta zama hannu na uku na eriyar, tana watsa saƙo a inda ba a so, kuma a lokacin saurare tana kwaso hayaniyar cajar waya da fitilun LED da sauran kayan lantarkin gida ta haura da ita zuwa bakin eriya, daga can ta shigo cikin rediyo. A ganina wannan ɓangare na saurare ya fi cizon leɓe muhimmanci, domin mutane da yawa suna zaune da hayaniya shekara da shekaru suna ɗora laifin a kan unguwa, alhali wayarsu ce take shigo musu da ita.

Hikimar cok ita ce idan aka naɗe wayar kowaks ta zama zagaye-zagaye, saƙon da ke ciki bai san an naɗe ta ba, om 50 (om shi ne ma'aunin turjiya) yake gani kamar kullum, amma lantarkin bayan saƙa yana cin karo da naɗi mai turjiya. Wannan tunani ya daɗe, domin tun a 1944 injiniya Gustav Guanella na ƙasar Suwizalan ya bayyana irin wannan na'ura, kuma ita ce a yau ake kira balun na lantarki. Ya kamata a fahimta cewa cok ba ya gyara SWR na eriyar da ba a yanka daidai ba. Idan SWR ya canza bayan an sa shi, wannan shaida ce cewa a da wayar tana cikin eriyar, yanzu kuma an ga ainihin halin eriyar ita kaɗai.

Turjiya nawa ake nema, kuma wace iri

A da ana cewa om 500 ya isa, wato ninki goma na om 50. Daga baya aka koma ga om 1000, sannan Jim Brown na Amurka, mai alamar kira K9YC, wanda ya yi awo mai yawa a kan wannan, ya ba da shawarar a nemi om 5000, musamman ga mai son rage hayaniya ko mai aiki da wuta mai ƙarfi. Ni ina ɗaukar om 1000 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a karɓa, daga om 3000 zuwa sama kuwa hankali yana kwanciya.

Amma adadin kaɗai ba ya faɗin komai sai an san irin turjiyar, domin iri biyu ce. Akwai turjiya mai cinyewa, wadda take mayar da lantarki zafi ya ɓace, akwai kuma turjiya mai mayarwa, wadda take riƙe ƙarfin na ɗan lokaci ta sake shi. Ita mai mayarwar ma gida biyu ce, ta indaktans, irin ta naɗin waya, da ta kafasitans, irin ta ƙarafa biyu da ke kusa da juna ba su taɓa ba, kuma idan suka haɗu a jere soke juna suke yi. Naɗin da ba shi da komai a cikinsa sai iska kusan duk turjiyarsa mai mayarwa ce. To ita ma wayar da ta sauko daga eriya tana da tata turjiyar mai mayarwa a bayan saƙa, gwargwadon tsawonta. Idan aka yi rashin sa'a ta wayar ta kasance ta kafasitans ce, ta naɗin kuma ta indaktans, kuma girmansu ya yi kusa, sai su soke juna, lantarkin bayan saƙa ya ƙaru fiye da yadda yake kafin a sa cok ɗin. Marigayi Steve Hunt na Ingila, G3TXQ, ya ja hankalin mutane sosai a kan wannan a awon da ya wallafa, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa naɗin iska na zango ɗaya ne, ko biyu masu maƙwabtaka idan an yi dace.

Zaɓen waya da bututu

Wayoyin da aka fi amfani da su sanannu ne. RG-58 kaurinta kusan milimita 5 ne, tana lanƙwasuwa cikin sauƙi, kuma ta isa ga rediyo mai wat 100. RG-213 kaurinta milimita 10.3 ne, tana ɗaukar wuta mai yawa, sai dai taurin kai gare ta wajen naɗi. Dukansu robar cikinsu mai tauri ce, kuma wannan shi ne abin da ake so. Wayoyin da robar cikinsu kumfa ce, kamar RG-8X, suna da ƙarancin asara a miƙe, amma idan aka lanƙwasa su da yawa kuma zafi ya taɓa su, wayar tsakiya tana nitsewa a hankali cikin kumfar ta doshi saƙa. Na taɓa yin wannan kuskure da irin wayar nan a kan siririn bututu. Ta yi aiki lafiya na wasu watanni, sannan SWR ya fara tsalle duk lokacin da na ƙara wuta. Da na sauke naɗin na yanka shi da wuƙa, sai na ga wayar tsakiya ta bar tsakiya ta matso gefe, abin da ya rage tsakaninta da saƙa bai fi kaurin takarda ba, kuma a wuri ɗaya kumfar ta yi baƙi inda tartsatsi ya riƙa tsallakawa. Daga waje kuwa babu wata alama.

Ƙa'idar da ake bi ita ce rabin faɗin lanƙwasa kada ya gaza ninki biyar na kaurin wayar, ninki goma kuma ya fi aminci. Saboda haka bututun PVC mai faɗin milimita 110 ya yi wa RG-58 daidai har da rara, ita kuwa RG-213 gara a ba ta mai milimita 160. Bututun ƙarfe haramun ne a nan, domin zai zama kamar zagaye ɗaya da aka haɗe bakinsa, ya kashe indaktans ɗin naɗin.

Lissafi kafin a yanka

Akwai wani ɗan lissafi da Harold Wheeler ya fitar a 1928 wanda har yau ake amfani da shi. Idan r shi ne rabin faɗin naɗin, l tsawonsa, dukansu a santimita, N kuma yawan zagaye, to indaktans a mikrohenri shi ne 0.394 × r² × N² ÷ (9r + 10l). Ana auna faɗin ne daga tsakiyar waya zuwa tsakiyar waya. Misali, zagaye 10 na RG-58 a kan bututu mai milimita 110 yana ba da faɗin santimita 11.5, wato r ya zama 5.75, tsawon naɗin kuma santimita 5, sakamakon ya kama kimanin mikrohenri 12.8. Don a san turjiyar, sai a ninka 6.28 da firikwansi, wato saurin kaɗawar igiyar, a megahaz da wannan indaktans. A megahaz 14.2, wato zangon mita 20, ana samun wajen om 1140, a megahaz 7.1 na mita 40 om 570, a megahaz 3.6 na mita 80 kuwa om 290 kacal. Ke nan tun a takarda an ga cewa naɗin da zai yi amfani a zangon mita 20 kusan ado ne kawai a zangon mita 80.

Lissafin bai ƙare a nan ba, domin tsakanin kowane zagaye da maƙwabcinsa akwai ɗan kafasitans, kuma shi da indaktans suna haɗuwa su yi rezonans a wani firikwansi. A daidai wurin turjiyar takan haura zuwa dubban om, a ƙasa da shi ta indaktans ce, a sama da shi kuma ta juye ta zama ta kafasitans ta fara sauka. Ana samun wurin ta raba 159 da tushen murabba'in indaktans sau kafasitans, na farko a mikrohenri, na biyu a fikofarad. Da a ce kafasitans ɗin naɗinmu fikofarad 8 ne, rezonans zai faɗo wajen megahaz 15.7, wanda ya yi wa zangon mita 20 kyau. Burin mai naɗi shi ne ya kawo wannan ƙololuwa kan zangon da yake aiki ko ɗan sama da shi kaɗan. Wannan ne ya sa ƙara zagaye ba kullum yake ƙara alheri ba, domin zagaye 20 zai ja ƙololuwar ƙasa, ya bar zangon mita 10 da turjiya 'yar kaɗan. Ga zangon mita 10 da 12, zagaye 5 ko 6 a kan wannan bututun shi ne wurin farawa.

Naɗin kansa

Kowane zagaye a kan bututun milimita 110 yana cin kimanin santimita 36 na RG-58, saboda haka zagaye 10 mita 3.6 ke nan, sai a bar rarar rabin mita a kowane gefe. Mafi kyau ma a yi naɗin da ƙarshen wayar da za ta sauko zuwa rediyo, ba tare da an yanka ta ba, domin kowane mahaɗi da aka ƙara ƙofa ce ta ruwa. Asarar da wannan ƙarin tsawo yake jawowa ba abin damuwa ba ce, tun da RG-58 tana asarar kusan desibel 8 ne a mita 100 a megahaz 30, wato wajen desibel 0.3 a naɗin gaba ɗaya.

A yanko bututu mai tsawon santimita 15, a goge bakinsa da fayil ko takardar yashi don kada ya yanki rigar waya. A ja layi biyu a kewayensa, tazarar santimita 5 da ɗan ɗoriya a tsakaninsu, sannan a huda ramuka huɗu a kan kowane layi, kowanne yana fuskantar ɗan'uwansa na ɗaya layin. Ta waɗannan ramuka maɗauran roba za su bi su rungume dukkan zagayen ta wurare huɗu. A ƙara wasu ramuka biyu kusa da juna a wurin farawa da wurin gamawa, don a ɗaure bakin wayar.

Kafin a fara, a miƙar da wayar a ƙasa a bar ta ta saki, musamman idan ta daɗe a dunƙule. A ɗaure bakin farko, sannan a riƙe bututun da hannu biyu a riƙa juya shi ana tafiya gaba ana bin wayar, babban yatsa yana danne kowane sabon zagaye a jikin na baya. Wannan ya fi a tsayar da bututun a riƙa kewaya shi da waya, domin kowane kewaye irin wannan yana murɗe wayar sau ɗaya, kuma kafin a kai zagaye na shida za a ji tana neman kuɓucewa tana tashi daga jikin bututun. Zagayen su kwanta a layi ɗaya, gefe da gefe, kada wani ya hau wani. Idan an gama sai a ɗaure bakin ƙarshe, a zura maɗauran nan huɗu a ja su har su kama, amma a tsaya kafin su fara lotsa rigar, domin wayar da aka matse ta canza siffa ba om 50 ba ce kuma a wurin. A yi amfani da baƙaƙen maɗaura, farare rana tana cinye su su karye.

Mutane da yawa suna tattara wayar ne su dunƙule ta kamar igiyar guga su naɗe da salatif. Yana yin wani abu, amma idan zagayen farko ya kwanta a jikin na ƙarshe, an haɗa wurare biyun da bambancin ƙarfin lantarki ya fi yawa a tsakaninsu, kafasitans ya ƙaru, rezonans ya sauka zuwa inda ba wanda ya sani, kuma idan aka sake yin wani irinsa gobe ba zai ba da sakamako ɗaya ba.

Idan ana son zanguna da yawa: zoben ferait

Wanda eriyarsa take aiki daga mita 80 zuwa mita 10 ba zai sami biyan buƙata a naɗin iska ba, sai ya koma ga ferait, wani nau'in tangaran mai halin maganaɗisu. Amfanin ferait shi ne a cikin wani faffaɗan zango turjiyarsa mai cinyewa ce, wadda tsawon waya ba ya iya soke ta. A 1983 Walter Maxwell, W2DU, ya nuna hanyar zura ƙananan zobba 50 a jikin siririyar kowaks kamar 'ya'yan carbi, kuma har yau ana yin haka. Sai dai naɗawa a kan babban zobe guda ya fi riba, domin turjiyar zobban da aka jera tana ƙaruwa ne ɗaya bayan ɗaya, ta naɗi kuwa tana ƙaruwa da murabba'in yawan zagaye, har zuwa inda rezonans ya tsayar da ita.

Zoben da aka fi sani shi ne FT240, mai faɗin milimita 61 a waje da kusan 35.5 a ciki. Lambar da ke bin sunan ita ce irin haɗin. Haɗi na 31 na kamfanin Fair-Rite ya fi ƙarfi a ƙananan zanguna kamar mita 160 da 80 da 40, haɗi na 43 kuma ya fi dacewa da tsakiya zuwa saman gajeren zango. A yi hattara da zobban garin ƙarfe masu fenti ja ko rawaya, irin su T200-2. Suna kama da ferait a ido, kuma suna da kyau a wasu ayyuka, amma a cok turjiyarsu ƙarama ce kuma mai mayarwa. Zoben da ba a san lambarsa ba kuwa kada a yarda da shi sai an auna.

A kan FT240-43, zagaye 12 na waya mai kaurin milimita 5 wurin farawa ne mai kyau ga zangunan mita 40 zuwa 15, zagaye 9 ya fi karkata zuwa sama, 17 kuma zuwa ƙasa. Ana ƙirga zagaye ne duk lokacin da waya ta ratsa ta cikin ramin zoben. Mita ɗaya da rabi na waya ya isa zagaye 12 har da rara. Lanƙwasar a nan ta fi ƙa'idar da na ambata tsanani, don haka wayar kumfa ba ta da wuri ko kaɗan. RG-400, wadda robar cikinta teflon ce kuma take jure zafi har digiri 200, ita ce zaɓina, RG-58 kuma tana yi idan wutar ba ta wuce wat 100 ba. A fara naɗe zoben da salatif idan gefensa yana da kaifi, a kuma tuna cewa ferait dangin tangaran ne, idan ya faɗi a kan siminti ya tafi. Akwai salon da Joe Reisert, W1JR, ya yaɗa a 1978, inda ake naɗa rabin zagayen a gefe ɗaya, a tsallaka ta tsakiya zuwa ɗaya gefen, a ƙarasa sauran. Babban amfaninsa shi ne bakin shiga da na fita suna fuskantar ɓangarori daban-daban, abin da ke sauƙaƙa sa shi a akwati, kuma tsallakawar ita ma zagaye ce a ƙirga.

Tun da ferait cinye lantarki yake yi, dole ya yi zafi, amma abin da ke ba mutane mamaki shi ne wanda turjiyarsa ta yi ƙasa shi ya fi ɗaukar zafi. A eriya mai om 50, wat 1000 yana ba da kusan bolt 224, kuma idan rabinsa ya faɗa kan cok ɗin, mai om 1000 zai cinye wat 12.5, mai om 5000 kuwa wat 2.5 kacal. A wat 100 waɗannan adadi suna raguwa ninki goma, shi ya sa zobe guda yake wadatarwa. Mai wuta da yawa ya haɗa zobba biyu ko uku ya naɗe su tare. Haɗi na 31 da na 43 suna rasa halinsu na maganaɗisu idan zafi ya wuce wajen digiri 130, saboda haka bayan gwajin minti ɗaya a kashe rediyon tukuna, sannan a taɓa zoben. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan hannu ya kasa zama a kansa akwai gyara.

Awo

A yau ƙaramar na'urar awo mai suna NanoVNA ta sauƙaƙa abin da a da sai a ɗakin gwaji. Saƙar kawai ake aunawa, wayar tsakiya a bar ta ba a haɗa da komai ba. A haɗa saƙar bakin farko da tsinken tsakiya na ƙofa ta ɗaya, saƙar bakin ƙarshe da tsinken tsakiya na ƙofa ta biyu, a kuma haɗe jikin ƙofofin biyu da gajeriyar waya mai kauri. A daidaita na'urar da waɗannan wayoyin gwaji a jikinta kafin a sa naɗin, sannan a duba layin S21, wanda yake nuna yawan saƙon da ya ratsa daga ƙofa ta ɗaya zuwa ta biyu, daga megahaz 1 zuwa 30. Raguwar desibel 21 tana nufin kimanin om 1000, desibel 30 kimanin om 3000, desibel 34 kuma om 5000. Waɗannan desibel na na'urar gwaji ne, ba su ne yawan raguwar da za a samu a kan eriya ba.

A ɗora naɗin a kan kwali, nesa da teburin ƙarfe, a janye hannu. Wanda ya yi wannan awo da naɗin iska zai ga rami mai zurfi siriri a wuri ɗaya, kuma idan ya kusanto da tafinsa zai ga ramin yana gudu zuwa ƙasa a kan allo, domin fikofarad ɗaya ko biyu da hannu ya ƙara sun isa su motsa shi. Na ferait kuwa kwari ne mai faɗi wanda bai cika damuwa da hannu ba. Ganin waɗannan biyu gefe da gefe sau ɗaya ya fi dogon bayani. Idan ramin ya faɗo ƙasa da zangon da ake so, a warware zagaye ɗaya ko a ɗan buɗa tazara a tsakaninsu, idan ya yi sama kuma a ƙara.

Awo na biyu shi ne na gaskiya, domin a kan wayar da ke aiki ake yin sa. A sami ferait mai buɗewa irin wanda ake maƙala wa wayoyi, a naɗa masa zagaye 10 na siririyar waya, a sa turjiya mai om 50 a bakinsu, a bi da dayod da ƙaramin kafasita zuwa mita. Amfiya ɗaya a bayan saƙa zai ba da kusan bolt 5 a bakin turjiyar. A maƙala shi a jikin kowaks, a aika wat 5 ko 10, a rubuta abin da aka gani kafin cok da bayansa. A auna a wurare uku ko huɗu a tsawon wayar, domin wannan lantarki yana da tudu da kwari, kuma wanda ya auna a kwari kaɗai zai yi murnar banza.

Wurin sa shi da kare shi

Cok na farko a bakin eriya yake zama, kusa da mahaɗar iyakar iyawa, ko daifol ce ko yagi ko eriya mai tsaye da ke da wayoyin ƙasa. Na biyu, idan ana buƙata, a inda waya take shiga ɗaki, domin eriya tana iya sake jefa lantarki a bayan wayar a hanya, musamman idan wayar ba ta sauko a miƙe daga tsakiyar daifol ba, ta bi gefen hannu ɗaya. Eriyar rabin zango da ake ciyarwa daga ƙarshe ta fita daban, domin tana buƙatar ɗan guntun bayan saƙa a matsayin abokin aiki. A nan ana barin kimanin kashi 5 cikin 100 na tsawon zangon kafin a sa cok, wato wajen mita 2 a zangon mita 40, sai dai idan an ba ta wata waya ta musamman don wannan aiki.

Naɗin iska a nisanta shi daga turken ƙarfe da aƙalla faɗinsa guda, kada kuma a zura turken ta cikinsa. Nauyinsa ya rataya a kan igiya ko a jikin abin da ke riƙe tsakiyar eriya, kada ya rataya a kan mahaɗi. Mahaɗin PL-259 ba ya hana ruwa, kuma ruwan da ya shiga saƙa yana bin ta kamar lagwani har mita da yawa, ya mayar da tagullar baƙa. A naɗe shi da salatif mai narkewa ya haɗe da kansa, ana ja ana rufe rabin na baya, daga ƙasa zuwa sama, sannan a bi da salatif na lantarki don rana. A bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga kowane akwati, ruwa ya ɗiga daga nan. Akwatin ferait kuma a huda masa ƙaramin rami a ƙasa, gumi ya sami mafita. Cok ba ya kare tsawa, wannan aikin wayar ƙasa ne da na'urar da aka yi dominsa, kuma duk aikin hawa da ɗagawa a yi shi rediyo yana kashe, nesa da wayoyin wutar lantarki.

Bayan an ɗaga eriyar a sake maƙala ma'aunin nan a jikin wayar, a bi zango-zango, domin turke da wayoyin eriya da ma ruwan sama a jikin naɗin iska suna matsar da rezonans daga inda aka gan shi a kan kwali. Idan a wani zango allurar ta ƙi sauka, ko ta haura fiye da yadda take a da, a sauke naɗin a canza zagaye ɗaya, ko a ƙara wa wayar mita ɗaya ko biyu a sake gwadawa, idan kuma zangunan da suka ƙi sun wuce ɗaya a maye gurbinsa da zoben ferait.